Yini Ɗaya a Benis: Yadda Za Ka Sauka Daga Jirgi, Ka Ga Gari, Ka Koma Kan Kari

Jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ba ya jiran kowa. Idan takardar da aka zura maka ta ƙarƙashin ƙofa da daddare ta ce kowa ya kasance a ciki da ƙarfe 5:30 na yamma, to da ƙarfe 6 za a kwance igiya, ko kana ciki ko kana can kan gada kana ɗaukar hoto. Benis kuwa, garin nan na Italiya da ke cikin ruwa, gari ne mai cin lokaci ba ka ankara ba. Babu mota, babu babur, babu keke, sai ƙafarka da jirgin ruwa. Tsibirai ne fiye da 100 aka ɗinke da gadoji fiye da 400, lungunan duk sun yi kama da juna, wani ma ka bi shi har ƙarshe ya kai ka bakin ruwa ya tsaya cak. Saboda haka ni daga ƙarshe nake tsara yinin nan: in fara sanin lokacin komawa, sannan in ga abin da zai shiga tsakani.

Tun kana gida

Abu na farko, ka binciki inda jirginku zai tsaya, kada ka tsaya kan sunan "Benis" da aka buga a takardar talla. Tun ranar 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen da suka haura tan 25,000, ko suka wuce mita 180 a tsawo, ratsawa ta gaban dandalin San Marco da mashigin Giudecca. An daɗe ana kukan cewa igiyar ruwan da suke tayarwa tana zaizaye tushen gine-gine, sai kuma a watan Yuni 2019 wani ƙaton jirgi ya ƙwace ya daki gaɓa da wani ƙaramin jirgi, abin ya ƙara wa masu ƙorafi ƙarfi. Yanzu babban jirgi sai dai ya tsaya a Marghera ko Fusina, a gefen tudu kusa da garin, ko kuma can nesa a Trieste ko Ravenna.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Daga Marghera, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka kana iya samun kanka a bakin gari. Daga Trieste ko Ravenna tafiyar awa biyu ce ko fiye a mota, zuwa kawai. Idan ɗaya daga cikin biyun nan ne masauƙinku, shawarata ka biya kuɗin rangadin da kamfanin jirgin ya shirya, duk tsadarsa. Dalili ɗaya ne: motar kamfani idan ta makara a hanya jirgi zai jira ta, kai da ka tafi a kan gashin kanka ba za a jira ka ba.

Sai biza. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ciki har da Italiya. Ka duba jerin tashoshin tafiyar da kyau. Kuroshiya ta shiga Shengen tun Janairu 2023, amma Montenegro, Albaniya da Turkiyya ba sa ciki. Jirgin da ya leƙa ɗaya daga cikinsu ya dawo Italiya ko Girka ya fita ne ya sake shiga, don haka biza mai shiga sau da yawa za ka nema, kuma ka tambayi kamfanin ko ƙasashen nan suna son tasu bizar daban.

Na uku, kuɗin shiga gari. Daga 25 ga Afrilu 2024 hukumar Benis ta fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya, a wasu ranaku da ta ware na lokacin cunkoso, daga 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. A 2025 wanda ya biya da wuri Yuro 5 ya bayar, wanda ya bari sai ana saura kwana uku ko ƙasa ya ba da 10. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba sa biya. Ta intanet ake biya, a turo maka lamba mai zanen murabba'i a waya, ita za ka nuna idan an tare ka. Ka duba ko ranarku tana cikin jerin, ka kuma tambayi ofishin rangadi na jirgi ko sun riga sun haɗa kuɗin a nasu tikitin.

A wannan zaman ne kuma za ka sayi tikitin majami'ar San Marco da na fadar Doge, wato shugaban Benis na da, masu ɗauke da lokacin shiga. Wanda yake da 'yan awoyi kacal bai kamata ya ƙona ɗaya a layi ba.

Daren jajibiri

Ka ɗauki takardar shirin gobe da biro. Rubuta lokacin da aka ce kowa ya shiga, sannan lokacin mota ko jirgin ƙarshe da ke kwaso fasinjoji daga gari, domin wannan na biyun shi ne ainihin wa'adinka. A ce na ƙarshe zai tashi 4:30. Kai ka sa wa ranka na 3:45. Daga San Marco zuwa wurin da ake ɗaukar ku ka ware awa ɗaya cur. Ke nan 2:45 ya kamata ka juyo. Idan ka taka gari da 9 na safe, abin da ke hannunka bai kai awa shida ba. A cikin wannan, abu uku manya za ka iya gani da natsuwa, ba bakwai ba.

A takardar akwai lambar wayar wakilin jirgi na tashar. Ka ɗauki hotonta. Ka tabbatar agogon jirgi da na gari sun yi daidai, don jirgin da ya taso daga Girka ko Turkiyya yakan zo da bambancin awa. A jaka ƙarama ka sa katin jirgi, fasfo, tsabar kuɗi kaɗan, gorar ruwa, da abin cajin waya. Jaka babba ba a shiga da ita majami'a. Takalmi kuwa wanda ƙafarka ta saba da shi, don kowace gada matakala ce, hawa da sauka. Mai tafiya da tsoho ko keken jariri ya sa wannan a lissafi, ya fi dogara da jirgin haya.

Shiga gari ta babban mashigi

Ka yi karin kumallo da wuri ka bi ayarin farko. Galibi ana sauke fasinjoji a tsohuwar tashar Marittima ko Tronchetto. Daga nan akwai ɗan jirgin ƙasa na sama, People Mover, da zai kai ka Piazzale Roma cikin 'yan mintoci a kan Yuro 1.50. Piazzale Roma ita ce iyakar mota. Daga nan sai ruwa.

Motar hayar garin jirgi ce, sunanta vaporetto. A farashin 2024, tikiti ɗaya Yuro 9.50 ne, yana aiki minti 75, na awa 24 kuma Yuro 25. Shiga uku kaɗai ya haura kuɗin na yini, don haka na yinin za ka saya. Kafin ka taka kowace matsaya ka kara tikitin a jikin na'urar da ke bakin ƙofa har ta yi ƙara. Tikitin da ba a kara ba daidai yake da babu, kuma tararsa mai ciwo ce.

Lamba 1 za ka hau, mai zuwa Lido. Tana tsayawa kusan kowace matsaya, tana ɗaukar kamar minti 45 kafin San Marco, kuma wannan jinkirin shi ne amfaninta. Lamba 2 ta fi sauri, amma tana tafiya fuska biyu, ɗaya ta babban mashigi ɗaya ta bayan gari, sai ka karanta allo kafin ka shiga. Ka nemi wuri a waje, ta baya ko ta gefe.

Babban mashigin, Canal Grande, ya kusa kilomita 4, ya lanƙwashe kamar maciji ya raba gari biyu. Gidajen da za ka gani suna tsaye cikin ruwa ba kan dutse suke ba. Turakun itace ne aka kafa cikin laka bila adadin, aka shimfiɗa katako a kansu, sannan farin dutsen Istria wanda gishiri ba ya ci, sai tubali a sama. Itacen da laka ta rufe ba ya samun iska, shi ya sa ya yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba.

Jim kaɗan bayan tashar jirgin ƙasa, daura da matsayar San Marcuola, ka dubi hannunka na dama. Akwai wani farin gini mai jerin bakuna hawa biyu, Fondaco dei Turchi. Zango ne. Daga 1621 zuwa 1838 nan fataken Turkawa suke sauka, su ajiye kaya a ƙasa su kwana a sama, kuma kalmar fondaco kanta daga funduƙ na Larabci ta samo asali. A nan nakan so Bahaushe ya ɗan dakata da tunani, domin wannan gari ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda muke zato. Takardar nan mai alamar jinjirin wata uku, wadda malaman Borno da ƙasar Hausa suka rubuta Alƙur'anai da littattafai a kanta, a yankin Benis ake yin ta, ta bi ta Tarabulus ta ratso hamada a bayan raƙumi. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shiga kasuwar Kano a 1851 ya tarar da ita, tare da duwatsun ado na gilashi daga Benis. Yau ginin gidan adana halittu ne, amma daga ruwa siffarsa ta zango tana nan.

Gaba kaɗan a hagu sai Ca' d'Oro mai ado kamar saƙa, sai ku kutsa ƙarƙashin gadar Rialto, sai gadar katako ta Accademia, sannan a dama babbar ƙubbar Santa Maria della Salute, wadda aka gina don godiya bayan annobar 1630. Ka sauka a San Marco Vallaresso ko San Zaccaria.

San Marco, tun rana ba ta take ba

Nan kowa yake nufa, don haka nan za ka fara, kafin ayarin 'yan rangadi su iso. Majami'ar tana buɗe wa masu ziyara da 9:30, amma ranar Lahadi sai 2 na rana. An kafa ta ne saboda gawar waliyyin Kirista Markus da wasu fatake biyu suka ɗauko daga Iskandariyya ta Masar a shekarar 828. Ciki, rufi da bango an lulluɓe su da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, faɗin fiye da murabba'in mita 8,000. Dawakan tagulla huɗu da ke saman ƙofa kwafi ne. Na asalin suna ɗakin sama. An kwaso su daga Santambul a 1204, Napoleon ya tafi da su Faris a 1797, aka dawo da su a 1815. Ana son kafaɗa da gwiwa a rufe, kuma suturarmu ta riga ta cika wannan sharaɗi. Namiji dai zai cire hula. Wanda bai son shiga ba a rage shi da komai ba idan ya tsaya waje ya kalli ƙubbobin nan biyar, waɗanda duk mai ido zai ga gabas a jikinsu. Minti 40 sun isa.

Fadar Doge tana manne da ita, tana buɗewa da 9. Doge shi ne shugaban jamhuriyar Benis, zaɓensa ake yi, kuma majalisu sun ɗaure masa hannu ta yadda bai isa ya yi gaban kansa ba. Tsarin ya ɗore har 1797. Ka ware awa ɗaya da rabi. Kada ka ɓata ƙarfinka a ɗakunan farko, ka tanade shi don zauren Babbar Majalisa, ɗaki mai girman da ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Daga nan hanya za ta bi da kai ta cikin Ponte dei Sospiri, gadar ajiyar zuciya, zuwa kurkuku. Ta tagar dutsen nan fursuna yake yi wa ruwa da sarari kallon ƙarshe. Daga ciki ta fi taɓa zuciya nesa ba kusa ba a kan hoton da ake turereniyar ɗauka daga waje.

Hasumiyar dandalin ta kusa mita 99. Ta rushe a 1902, aka sake gina ta yadda take, aka buɗe a 1912, kuma da lifta ake hawa. Idan layinta ya yi tsawo, ka hau lamba 2 daga San Zaccaria, matsaya ɗaya zuwa tsibirin San Giorgio Maggiore. Hasumiyar can ta fi ƙarancin jama'a, kuma daga can ne ake ganin San Marco gaba ɗayansa.

Kada ka zauna shan shayi a dandalin sai ka shirya biya. Caffè Florian yana nan tun 1720, amma kujera da kiɗan makaɗa duk suna cikin lissafi. A kowane shagon gahawa na Italiya, wanda ya sha a tsaye a bakin kanta ya fi mai zama biyan kaɗan.

Da ƙafa zuwa Rialto, da batun ciki da salla

Ka bi ta ƙarƙashin hasumiyar agogo ka shiga lungun Mercerie. Wayarka za ta riƙa ruɗewa tsakanin dogayen bangaye, lambobin gidaje kuma ba za su taimake ka ba, don unguwa-unguwa ake ƙirga su har dubbai. Ka ɗaga kai ka bi allunan rawaya da ke kusurwar gine-gine: Per Rialto, Per S. Marco, Alla Ferrovia, Piazzale Roma. Minti 15 ne idan ba ka tsaya ba. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi mai shago, ba wanda yake riƙe da taswira irinka ba.

Gadar Rialto ta dutse an gama ta a 1591. Ka haye ka gangara kasuwa. Rumfar kifi ba ta ci ranar Lahadi da Litinin, sauran ranaku kuma kafin 1 na rana an fara wanke tebura. A lungunan bayan kasuwar akwai ƙananan shaguna da ake kira bacari, masu sayar da cicchetti, wato 'yan loma-loma a kan yankan burodi. Nemi baccalà mantecato, busasshen kifi da aka kirɓa da man zaitun har ya yi laushi, da sarde in saor, sadin da albasa mai tsami-tsami. Wuraren nan ana sayar da giya a cikinsu. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya karɓi nasa ya fita, ko ya nufi shagunan kebab na Lista di Spagna kusa da tashar jirgin ƙasa ya tambayi halal. Kalmomin da Musulmi zai kiyaye su ne maiale, prosciutto, pancetta, salame, lardo da strutto, duk alade ne ko kitsensa. Shinkafar risotto da miyar kifi sau da yawa ana zuba musu vino, wato giya, don haka ka ce "senza vino, senza maiale", ma'ana ban da giya, ban da alade. A gidan abinci na zama za ka ga coperto a takardar kuɗi. Kuɗin kujera ne, ba cuta ba ce. Ruwan famfunan dandali na sha ne, cika gorarka. Bayan gida na jama'a Yuro 1.50 ne.

Masallatan da Musulmin yankin suke taruwa suna can tudu, Marghera da Mestre. Ka fito da alwalarka daga jirgi. Alƙibla kudu maso gabas take. A Yuni da Yuli azahar tana shiga bayan 1, la'asar kuwa sai bayan 5, don haka mai komawa da wuri zai iya samun azahar a ɗakinsa. A kaka da hunturu lokaci ya fi ƙurewa. Lambun Papadopoli da ke kusa da Piazzale Roma yana da kusurwoyi masu shiru. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ka tambayi malaminka tun kafin tafiya.

Gondola, da abu na uku

Farashin gondola, kwalekwalen gargajiya na garin, hukuma ce ta yanka: tun ƙarshen 2023, Yuro 90 na minti 30 da rana, 110 bayan 7 na yamma. Kuɗin kwalekwale ne ba na kai ba, mutum biyar yake ɗauka, ke nan Yuro 18 kowa idan kun cika. Ku daidaita kuɗi da mintoci kafin ka sa ƙafa, ka riƙe tsaba. Kada ka hau a gaban San Marco inda ruwa ke tangaɗi ana bin juna a jere. Hau ta wajen San Polo ko San Tomà, ka ce a bi ƙananan hanyoyi, inda ba ka jin komai sai filafili da kiran matuƙi a kwana. Wanda kuɗin ya yi masa yawa ya hau traghetto, babbar gondola mai tsallakar da mutane, Yuro 2, daga kasuwar kifi zuwa Santa Sofia. Minti biyu ne, amma ka hau.

Yanzu saura awa ɗaya da rabi ko biyu, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Burano, tsibiri mai gidaje kala-kala, tafiyar minti 45 ce daga matsayar Fondamente Nove, zuwa kawai. Ka bar ta sai wata shekara. Murano minti 10 ce daga can. Tun 1291 aka kwashe maƙeran gilashi aka kai su tsibirin saboda tsoron gobara, kuma ganin mutum ya hura narkakken gilashi ya zama tulu a gabanka ya cancanci tafiyar. A hanya za ku tsaya a San Michele, tsibirin maƙabarta mai jan bango. A ɗakin karatun limaman wurin ne aka gano, a 1987, kwafin Alƙur'ani na farko da aka taɓa bugawa da injin ɗab'i cikin haruffan Larabci, aikin Paganino Paganini da ɗansa Alessandro a Benis tsakanin 1537 da 1538, mai kurakurai da yawa. Idan za ka sayi gilashi, nemi tambarin Vetro Artistico Murano, don na jabu ya cika shaguna. Amma Murano sai ga wanda agogonsa bai wuce 12:30 ba.

In ya wuce, zaɓina Cannaregio, domin tana kan hanyar komawa. Daga Santa Sofia ka ratsa ta bakin ruwan Misericordia zuwa Ghetto, unguwar da aka killace Yahudawa a 1516. A nan za ka ga shanya tsakanin tagogi, yara suna ƙwallo a dandali, tsohuwa tana jan keken cefane tana hawa gada da ƙyar. Mazauna tsohon garin sun kai kimanin 175,000 a 1951, a 2022 sun gaza 50,000. Waɗanda suka rage suna zaune ne cikin turmutsutsunmu kullum. Ka bi dama a lungu, kada ka tsaya tsakiyar gada, ka sauke jakar baya a cikin vaporetto. Zama a ƙasa ana cin abinci a San Marco ko kan matakalar gada, ba tantabaru hatsi, da shiga ruwa duk laifi ne mai tara.

Mai zuwa tsakanin Oktoba da Janairu ya san da acqua alta, tumbatsar ruwa. A 12 ga Nuwamba 2019 ta kai santimita 187, ba a ga irinta ba tun 1966. Daga Oktoba 2020 ana ɗaga ƙofofi 78 na shingen tare ruwa da ake kira MOSE a bakin teku idan babbar tumbatsa ta taso, amma San Marco ya fi ko'ina kwari, ƙaramar ma tana jiƙa shi. Idan ka ji jiniya, ka bi dandamalin katako da ake jerawa, ka ƙara rabin awa a lissafin komawa, don wasu jiragen haya sukan canza hanya.

Komawa

Da lokacin da ka rubuta jiya ya cika, ka juya, ko me kake kallo. Daga Ghetto zuwa Piazzale Roma minti 20 ne da ƙafa, ta gaban tashar jirgin ƙasa da gadar Costituzione. Daga Rialto kamar rabin awa, kana bin alluna. Da yamma vaporetto yakan cika har ya bar mutane a matsaya, ranar yajin aiki kuma, wanda allo zai rubuta sciopero, ƙafa ta fi tabbas. Idan abu ya ƙwace, akwai tasi na ruwa. Tsadarsa ta kai a ji a jika, amma bai kai kuɗin bin jirgi zuwa wata ƙasa ba. Kana cikinsa ka kira lambar wakilin tasha, ka faɗi sunanka, lambar ɗakinka da inda kake. A bakin jirgi za a nemi katinka a kuma saka jaka a na'ura, don haka gilashin da ka saya ka riƙe shi a hannu cikin kwalinsa.